Yadda Ake Koyon Aikin UX Ta Intanet Har A Iya Shi

Mafi yawan masu fara koyon UX ta intanet a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Mutum zai buɗe Figma, manhajar da ake zana fuskokin manhajoji da ita, ya kalli bidiyo ashirin a YouTube, ya kwaikwayi wata manhajar sayar da abinci da wani ya zana, ya zuba mata launi mai ɗaukar ido, ya ɗora a Facebook a yi ta yaba masa. Bayan wata shida ya je neman aiki, sai a yi masa tambaya biyu: wa ka yi wa wannan, kuma me ya faru da ka ba shi ya gwada? Daga nan sai shiru, domin bai taɓa miƙa wa kowa aikin ba.

UI shi ne abin da ido ke gani: launi, harafi, girman maɓalli. UX kuwa shi ne duk abin da mutum ya ci karo da shi daga lokacin da ya buɗe manhaja har ya biya buƙatarsa, ko ya gaji ya rufe. Ka tura kuɗi, manhajar ta tsaya tana juyi, ba ta ce ya tafi ba, ba ta ce bai tafi ba, ka sake turawa, aka cire maka sau biyu. Ko da fuskar manhajar nan ta fi kowace kyau, aikin UX ɗinta ya lalace. Don Norman, masanin tsara kayan amfani, shi ne ya yaɗa wannan suna na UX lokacin da yake aiki a kamfanin Apple a farkon shekarun 1990, kuma abin da yake nufi ke nan tun asali, dukan hulɗar mutum da abin da aka ƙera masa.

Mataki na farko: kayan aiki

Kana buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka. Waya kaɗai ba za ta kai ka ba, domin manhajar Figma ta waya duba zane da gwada samfuri take yi, ba a zana aiki a cikinta. Darussan farko da karatu za ka iya yinsu a waya, amma kada ka wuce wata guda ba ka samu kwamfuta ba, ko ta aro ce. Ta hannu ta isa. Ka nemi mai RAM 8GB. Mai 4GB tana buɗe Figma, sai dai da zarar shafukan aikinka sun yi yawa kuma ka buɗe bidiyon darasi a gefe, za ta fara nauyi har ka ji koyon ya fita daga ranka. In kuɗinka bai kai ba, ka sayi mai 4GB wadda ake iya ƙara mata daga baya, ka tambayi mai shagon wannan tun kafin ka biya. Ka duba lafiyar batir fiye da kyan jiki, saboda halin wutar lantarki. Linzamin kwamfuta ma dole ne, mai araha ya wadatar.

Batun data: bidiyon da malami ke magana kawai, ka sauke shi zuwa 360p. Sai inda ake nuna menu da ƙananan rubutu za ka ɗaga zuwa 720p. Manhajar waya ta Coursera, dandalin kwasa-kwasai ta intanet, tana barin a sauke bidiyo a kalla daga baya ba tare da intanet ba, don haka ka sauke darussan mako guda lokaci ɗaya, da datar dare in layinka yana da ita.

Sannan rim ɗaya na farar takarda A4, biro baƙi, da littafin rubutu. Waɗannan za su yi maka aiki fiye da yadda kake zato.

Mataki na biyu: kwas ɗaya tak

Kada ka yi rajistar kwas biyar. Wanda ya tara kwasa-kwasai yakan kalli gabatarwar kowanne, ya ji magana iri ɗaya sau biyar, bai gama ko ɗaya ba. Ga mai farawa daga tushe, kwas ɗin UX na Google da ke Coursera shi ya fi dacewa. An fito da shi a 2021 da darussa bakwai, an tsara shi a kan kusan wata shida ga mai ba shi awa goma a mako, kuma yana tilasta maka yin aikin hannu daga bincike har gwaji. Na kuɗi ne, ana biya duk wata, amma Coursera tana da hanyar neman tallafi ga marar hali. Ka duba shafin darasin inda aka rubuta Financial aid, ka cike da gaskiya da kalmominka: me kake yi yanzu, me ya hana ka biya, me za ka yi da ilimin. Kada ka kwafi amsar da ake yawo da ita a zaurukan WhatsApp. Amsa takan ɗauki kwanaki, saboda haka ka nemi na darasi na gaba tun kana tsakiyar wanda kake kai.

Interaction Design Foundation ma tana da darussa masu zurfi, amma karatu ya fi yawa a cikinsu kuma ana biyan kuɗin zama mamba. Gara a bar ta sai an yi ƙwari. Maƙalolin shafin Nielsen Norman Group kyauta ne, ka riƙa karanta ɗaya ko biyu a mako. Ga waɗanda ke Najeriya, shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 yana da ɓangaren UI/UX, kuma babban amfaninsa shi ne haɗuwa da abokan koyo a jiharka.

Ƙa'idar da ba a karya ta: duk awa ɗaya na kallo, awa biyu na aikin hannu. Kallon bidiyo yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali hannunsa bai san komai ba. In Turancin malamin yana gudu, ka kunna rubutun ƙasan bidiyo, ka rage saurin zuwa 0.75, ka riƙa rubuta kowace sabuwar kalma a littafinka da bayaninta cikin Hausa. Kalmar da ka kasa bayyana wa ƙaninka da Hausa, ba ka gane ta ba tukuna.

Takardar shaidar kammala kwas ɗin tana da amfaninta, ka karɓa ka ajiye. Amma masu ɗaukar aiki kundin ayyukanka za su fara buɗewa.

Mataki na uku: zaɓi matsala ta kusa da kai

Misalan waɗannan kwasa-kwasai na rayuwar Amurka ne, kuma in ka bi su yadda suke, za ka ƙare da zana manhaja ga mutanen da ba ka taɓa gani ba, ba kuma za ka samu ka yi hira da su ba. Ka ɗauki darasin, ka canza misalin. Zaɓi matsalar da za ka iya taka ƙafa ka je wurin masu ita: layin karɓar kati a asibiti, yadda tela ke riƙe awo da ranar alkawari, lissafin bashi a shagon unguwa, biyan kuɗin makarantar Islamiyya.

Ta zama ƙarama. "Manhajar banki" ba matsala ba ce, duniya ce guda. A nan za mu yi amfani da adashi: uwar adashi mai mutum ashirin, tana bin wa ya yi zubi, wa bai yi ba, kuma kwasar wa ta zo.

Mataki na huɗu: hira da mutane

A nan aikin yake, kuma shi ne matakin da masu koyo ta intanet suka fi tsallakewa, domin shi kaɗai ne ba a iya yi daga kan katifa. Wasu su ƙirƙiro mutum a ka, su sa masa suna da shekaru da hoton da suka sauke, su ce sun yi bincike. Wasu su tura fom ɗin Google zuwa zauren abokan makaranta, su samu amsa arba'in daga matasa masu jin Turanci, alhali manhajar ta iyaye mata ce. Duka biyun ɓata lokaci ne.

Ka nemi mutum biyar zuwa takwas waɗanda suke cikin harkar da gaske. A misalinmu, iyayen adashi uku da masu zubi huɗu. Kowace hira minti ashirin zuwa talatin. Ban da abokanka da 'yan ɗakinku, sun san abin da kake son ji. Ka je inda suke aikin, kasuwa ko shago ko gida, a lokacin da ba cunkoso. In matan aure ne a cikin gida, a nemi izini yadda aka saba, kuma mafi kyau ka samu 'yar'uwa ko abokiyar koyo mace ta yi hirar, domin abin da za a faɗa mata ba za a faɗa wa baƙon namiji a zaure ba.

Ka fara da gaisuwa cikakkiya, kada ka yanke ta don kana sauri. Sannan ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka: "Hajiya, karatu nake yi a kan yadda ake sauƙaƙa wa mutane aiki da waya. Ba daga gwamnati nake ba, ba daga banki ba, ba kuma tallafi ake rabawa ba. So nake ki koya mini yadda kike tafiyar da adashinki." Maganar tallafin nan kada ka manta da ita. In mutum ya zaci akwai rabo a gaba, duk amsoshinsa za su karkata wajen nuna buƙata. In za ka naɗi murya, ka nemi izini a fili, in an ƙi ka rubuta da hannu.

Babbar matsalar hira a wurinmu ita ce kara. Ka zo da ladabi, ka gaisa, an ga yaro mai ƙoƙari, ba wanda zai so ya kashe maka gwiwa. In ka ce, "Hajiya, da za a yi manhajar da za ta riƙe miki lissafi, za ki yi amfani da ita?" amsar ita ce, "Ƙwarai kuwa, Allah ya yi albarka." Ka koma gida da murna, ba ka samo komai ba. Maganin wannan shi ne ka daina tambayar abin da zai faru, ka riƙa tambayar abin da ya riga ya faru. Mutum zai iya yi maka kara a kan gobe, amma jiya ta riga ta wuce, labarinta kawai zai ba ka.

Maimakon "Kina samun matsalar lissafi?" ka ce, "Yaushe rabon da a samu saɓani a kan zubi? Ya aka yi?" Maimakon "Kin iya amfani da waya?", wadda tambaya ce mai sa kunya, ka ce, "Zubin ƙarshe da aka turo miki ta waya, ya kika gane ya shigo?" Daga wannan tambaya ɗaya za ka iya jin cewa ɗanta ne ke duba mata alat in ya dawo daga makaranta, ko kuma mai POS na bakin layi take aikawa. Wannan bayani kaɗai ya canza dukan zanen, domin yanzu ka san wayar hannu biyu ke taɓa ta, kuma akwai abin da ba za ta so ɗan ya gani ba.

Kada tambayarka ta ɗauko amsa a bakinta. "Ai rubutu a littafi yana da wahala ko?" umarni ne aka yi masa rigar tambaya. Ka ce, "Nuna mini yadda kike rubutawa." Ka roƙi ganin littafin kansa. A cikinsa za ka ga abin da baki ba zai faɗa ba: alamar da take yi wa wadda ta biya rabi, sunayen da ba na yanka ba ne, Maman wane da Matar wane, inda aka soke aka gyara, ko da boko take rubutu ko da ajami. Kada ka ɗauki hoton shafin da sunaye da kuɗin mutane suke; ka zana tsarinsa a littafinka da sunayen ƙarya.

In ka yi tambaya aka yi shiru, kada ka yi gaggawar cike gurbin. Ka ƙirga biyar a zuci. Sau da yawa maganar da ta fi amfani bayan shirun nan take fitowa. In an ce "ba laifi", ba a amsa ba tukuna, ka ce, "Kamar yaya?" In an ce "sai a hankali", akwai labari a ƙasa, ka bi shi. Ka rubuta kalmomin mutum yadda ya faɗe su. In ta ce zubi, kwasa, hannu biyu, waɗannan kalmomi ne za su hau kan maɓallanka daga baya. Wanda ya sa "ajiya" ko "gudummawa" a inda mutane ke cewa zubi, ya riga ya sa shinge tsakaninsu da manhajar.

Ka riƙe ɗan abin godiya, katin waya ko makamancinsa, ka bayar bayan an gama, kada ka ambata shi da farko.

A ranar da ka yi hira, a ranar za ka tace ta, kafin ka kwanta. In ta kwana biyu, rabin abin da ka gani ya tafi. Ka yayyanka takarda ƙanana, kowace ka rubuta abu ɗaya da ka ji ko ka gani, ka sa alamar wanda ya faɗa. Bayan hira ta ƙarshe ka baje su a tabarma, ka tara masu kama da juna. Tarin da mutum huɗu ko biyar suka faɗa a ciki, nan matsalar take. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, komai daɗinsa, ka ajiye gefe. A ƙarshe ka rubuta jimla ɗaya, misali: uwar adashi tana buƙatar hujjar da ita da mai zubi za su gani tare, domin rigima tana tasowa ne idan ɗaya ta ce ta bayar, ɗaya ta ce ba ta karɓa ba. Lura, matsalar ba lissafi ba ce, shaida ce. Ba don hirar ba, da ka zana kalkuleta.

Mataki na biyar: takarda kafin kwamfuta

Ka fara rubuta hanyar da mutum zai bi, mataki-mataki da kibiya: buɗewa, zaɓar mai zubi, sa adadi, tabbatarwa, aika shaida. Sannan ka ninke A4 sau uku ta ba ka gida takwas, ka sa agogo minti takwas, ka zana shafi ɗaya ta hanya takwas daban. Biyun farko za su zama kwaikwayon manhajojin da ka saba gani, masu amfani daga na biyar suke fara fitowa. Akwatuna da layuka kawai, ba launi.

Kowane shafi aiki ɗaya. Kuma ka zana ranar da abubuwa suka lalace, wadda masu koyo ba sa zanawa: sabis ya ɗauke ana tsakiyar aikawa, an sa 50,000 a maimakon 5,000, an zaɓi sunan da ba shi ba, shafin farko da ba kowa a ciki tukuna. Kowanne yana buƙatar saƙon da ke faɗin abin da ya faru da abin da za a yi yanzu, da hanyar komawa baya.

Mataki na shida: Figma

Figma a burauza take aiki, kuma tsarinta na kyauta ya ishe ka koyo. Kada ka sa lokacinka a Adobe XD, kamfanin ya daina ci gaba da bunƙasa ta. Sketch kuma ta masu Mac ce. Penpot kyauta ce ga mai so, amma tallan aiki Figma suka fi ambata.

Abu huɗu za ka koya da farko, ka bar sauran: Frame (filin da ake zana shafi a ciki), Auto layout (mai jera abubuwa da kansa) da ake kunnawa da Shift+A, Component (abin da ake zanawa sau ɗaya a yi ta amfani da shi) da ake yi da Ctrl+Alt+K, da haɗa shafuka su zama samfurin da ake dannawa. Auto layout shi ne mai wuyar, kuma shi ake gudu. Ka ba shi mako guda cif. Wanda ke jan kowane abu da hannu yana ajiyewa, ranar da aka ce a ƙara kalma ɗaya a maɓalli sai ya sake jera shafin duka.

Ka zana a kan girman 360 da 800, na wayoyin Android, domin Tecno da Infinix da Itel ne a hannun mutanenka, ba sabuwar iPhone ba. Rubutun jiki 16, kada ya gaza 14. Duk abin da za a danna kada ya gaza 48 da 48, ma'aunin da Google ta bayar ke nan, Apple kuma 44 ta ce. Tazara tsakanin abubuwa ka riƙa yinta da ninkin takwas: 8, 16, 24, 32. Bambancin hasken rubutu da bayansa, ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manya. Toka-toka a kan fari yana da kyau a ɗaki, amma ka fita da wayar tsakar rana a kasuwa, a fuskar da ta tsage, ka ga ko zai karantu. Kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana. Ja da kore ba kowa ke bambance su ba, ka haɗa da kalma ko alama.

In manhajar da Hausa ce, kafin ka zaɓi salon harafi ka rubuta ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu ka gani. Salo da yawa ba su da su, sai ka ga harafin ya fito da wata kama daban a tsakiyar kalma, ko akwati fanko. Noto Sans yana da su. Kada ka cika shafi da rubutun bogi na Latin da ake amfani da shi don riƙe wuri. Ka sa ainihin kalmomin tun farko, domin jimlar Hausa sau da yawa takan fi ta Turanci tsawo, maɓallin da ka auna da Turanci zai matse ta. In kuma binciken ya nuna ajami mutanen suke karantawa, ka tuna daga dama yake farawa, jerin shafin duka zai juya.

Mataki na bakwai: gwaji

Mutum biyar sun isa zagaye ɗaya. Jakob Nielsen, masanin gwajin manhajoji, ya bayyana a 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, kuma gara a yi ƙananan zagaye uku da a tara mutum goma sha biyar lokaci ɗaya. Ka buɗe samfurin a waya irin tasu, ka tabbatar ya gama buɗewa kafin ka isa wurin, don kada sabis ya kunyata ka.

Karar nan tana jiranka a nan ma, har ta fi ta farko. In ka ce "ni na yi", an gama, ba za a kushe ba. Ka ce, "An ba ni wannan in gwada ko mutane za su gane shi," in hakan gaskiya ne a aikin kwas ɗinka, ko ka bar abokin koyo ya jagoranci gwajin naka kai ka yi nasa. Sannan ka ce, "Hajiya, ba ke ake gwadawa ba, abin ake gwadawa. In kin rikice, laifinsa ne, kuma abin da muke nema mu gani ke nan."

Ka ba da aiki a matsayin labari, ba tare da kalmar da ke kan maɓallin ba. Kada ka ce, "Danna Sabon Zubi." Ka ce, "Maman Sadiya ta kawo dubu biyar ɗinta na wannan makon. Ya za ki yi?" Daga nan ka rufe bakinka, ka haɗa hannuwanka a baya. Wannan ya fi komai wuya. Za ka ga yatsa yana yawo kusa da wurin, zuciyarka tana cewa ga shi nan, kuma da zarar ka nuna, gwajin ya mutu. Za a miƙo maka wayar a ce, "Ɗan danna mini." Ka ce, "Da ba na nan, ina za ki fara taɓawa?" In an yi minti biyu ba ci gaba, ko ka ga ran mutum ya fara ɓaci, ka tsayar, ka yi godiya, ka rubuta an kasa, ku wuce aiki na gaba.

Darussan za su ce ka sa mutum ya riƙa faɗin tunaninsa yana aiki. Wasu suna iyawa, manya da yawa ba sa sakewa da hakan. Kada ka matsa. Ka kalli yatsa da fuska: inda aka tsaya, inda aka danna abin da ba maɓalli ba, inda aka kawo wayar kusa da ido, inda aka koma baya. A ƙarshen kowane aiki ka tambaya, "Yanzu me kike ganin ya faru?" In ta ce kuɗin ya tafi banki alhali rubutawa kawai aka yi, ka gano matsala mai haɗari ko da ta danna komai daidai.

Ka ja jadawali: ayyuka a gefe, mutane a sama, kowane gida ka sa ɗaya daga uku, ya gama da kansa, ya gama da ƙyar, ya kasa. Ka fara gyara abin da ya hana gamawa ko zai jawo asarar kuɗi, sannan abin da ya jinkirta. Ra'ayin launi shi ne na ƙarshe. Bayan gyara ka nemi sababbin mutum biyar, na farko sun riga sun san hanya.

Mataki na takwas: kundi, ƙarin fasaha da neman aiki

Aiki uku da aka bi da su ta wannan hanya sun fi shafuka talatin na kwalliya. Yanzu manhajojin AI suna fitar da fuska mai kyau cikin daƙiƙu, don haka kwalliya kaɗai ta yi araha. Kowane aiki ka rubuta shi a Behance ko Notion, shafukan da za ka iya baje aikinka a intanet: matsalar, wa ka yi hira da su, abin da ka zata da abin da ka tarar, hoton zanen takarda da duk muninsa, abin da ya faɗi a gwaji, da yadda ka gyara. Ka ɓoye sunaye da fuskokin mutane. Ka rubuta da Turanci mai sauƙi, ka bar shafukan Hausar yadda suke da ɗan bayani a ƙasa. Iya aiki da masu jin Hausa abu ne da ba kowane mai nema ke da shi ba. Ka kai kundin ADPList, inda ƙwararru ke ba da lokacinsu kyauta, ka roƙi a faɗa maka inda ya yi rauni.

Ka haddace ƙa'idoji goma na sauƙin amfani da Nielsen ya fitar a 1994, ka riƙa auna manhajojin wayarka da su. Ka koyi HTML da CSS, harsunan gina shafukan intanet, na mako huɗu a shafin freeCodeCamp, don ka san abin da mai gina manhajar zai iya da wanda zai ba shi wuya.

Aikin farko a kusa ake samunsa: makaranta mai zaman kanta, kantin magani, matasa masu gina manhaja da ba su da mai zane. Ku rubuta yarjejeniya ko a WhatsApp ne, da adadin shafuka, ranar miƙawa, da sau nawa za a yi gyara, biyu ya isa. Ka karɓi rabin kuɗi kafin ka fara. Duk wanda ya ce ka biya kafin a ɗauke ka aiki, ka rabu da shi. Kuma tun a yarjejeniyar ka sa kwana uku na gwaji da mutum biyar a cikin farashin, domin in ka bari sai daga baya, mai aikin zai ce ba lokaci.